Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

  Yau ina so mu tattauna a kan wata irin mace wadda kusan kowace unguwa akwai ta, amma ba ta da ofis, ba ta da albashi, ba a kuma rubuta sunanta a allon asibiti ko na makaranta ba. Ita ce wadda akan aika a kira in naƙuda ta yi tsawo, ita ce ke raka baƙuwa awo, ita ce ta san ranar da ake yi wa jarirai allura da ƙofar da ake bi a yanki kati. Wasu kan ce mata 'yar rakiya, wasu tafinta, ni kuwa jakadiyar unguwa nake kiranta.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani abu da ya faru a daminar bara. A ajin da nake koyarwa, watau aji biyar na firamare, akwai wata yarinya Bafulatana 'yar kimanin shekara 11, wadda iyayenta ke zaune a wata ruga a bayan gari, tafiyar kusan awa ɗaya a ƙasa. Yarinyar nan ba ta fashi ko ana ruwa, sai ga shi an yi kwana 6 ban gan ta ba. Ranar da ta dawo na kira ta gefe na tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, Innata ce ba ta da lafiya, ni ke girki, ni ke kawo nono gari." Da na bi ta a hankali sai na gane uwar tana da ciki wata 8, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, fuskarta ma ta tasa, ga ciwon kai ba dare ba rana, wani lokaci kuma sai ta ga duhu-duhu.

Hankalina ya tashi, domin na san waɗannan alamu ne na hawan jini ga mai ciki, wanda kan kai ga jijjiga, jijjiga kuwa tana iya tafiya da uwa da ɗa a dare ɗaya. Na ce lalle a kai ta asibiti. Yarinya ta ce, "Baffana ya ce ba za a je ba. Wancan karon da aka je an yi wa Inna tsawa." Sai na yi irin abin da mu 'yan boko muka iya, na zauna na rubuta wa uban takarda mai kyau, na ba 'yarsa ta kai masa. Kwana biyu shiru.

Nan ne na tuna da wata tsohuwa mai sayar da fura a bakin kasuwa, wadda kowa ke kira Goggo. Bahaushiya ce, amma ta tashi a hannun kakarta Bafulatana, saboda haka tana jin Fillanci, kuma ta fi shekara 20 tana sayen nono da man shanu a hannun matan rugar nan. Da na ba ta labari sai ta dube ni ta ce, "Malama, kin yi kuskure. Wa zai karanta masa takardar in ba 'yar ba? Kin sa yarinya ta tsaya gaban ubanta tana karanta masa zancen cikin uwarta. Yanzu ko yana da niyyar zuwa kunya ba za ta bar shi ba." Na yi shiru, domin gaskiya ta faɗa.

Da la'asar sakaliya, lokacin da shanu ke dawowa, Goggo ta ƙulla goro a bakin zane muka tafi. Ba ta nemi mijin ba, ba ta ma fara da mai cikin ba, bukkar uwar mijin ta nufa. Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi damina, ba ta ambaci asibiti ba sai da aka sha nono. Sa'an nan ta ce a kira mata mai cikin, ta danna mata ƙafa da yatsa, wurin ya loma ya ƙi tasowa, ta nuna wa tsohuwar. Ta tuna mata da wata mata da dukansu suka sani, wadda ta yi irin wannan kumburi aka ce iska ce, aka yi ta turare har ta cika. Tsohuwa ta jinjina kai, ita da kanta ta aika a kira ɗanta.

Mutumin ya kawo uzuri uku: ba ya so namiji ya duba masa iyali, bai san nawa za a ce ya biya ba, kuma ba zai sake kai matarsa inda za a wulaƙanta ta ba. Goggo ba ta yi masa gardama ko ɗaya ba. Ta ce masa, "Ɗan nan, ɗakin awo mata ne a ciki, na san su. Kuɗin kati da na gwaji zan faɗa maka tun daga nan, ka riƙe abinka a aljihu, in an nemi fiye da haka a bakina. Tare zan shiga da ita, tare za mu fito. In an yi mata tsawa ni aka yi wa." Washegari da sassafe aka ɗora ta a babur.

A wurin yankan kati ne na gane abin da ya faru wancan karon. Malamin kati ya tambaye ta sunan mijinta, ta yi shiru. Ya tambayi sunan ɗanta na fari, ta ƙara sunkuyar da kai. Ku kun sani, mace mai kunya ba ta kama sunan miji, ba ta kama sunan ɗan fari, balle Bafulatana a gaban jama'a. Ashe shekara 3 da suka wuce da ta yi irin wannan shiru, sai wanda ke kan teburin a lokacin ya daka mata tsawa ya ce ko ba ta da miji ne, mutane suka yi dariya, ta tashi ta fita ba ta sake waiwayar wurin ba. Wannan karon Goggo ce ta faɗi sunayen, aka wuce cikin minti biyu. Nas ɗin da ke ɗakin awo mutumiyar Kudu ce, Hausarta kaɗan ce, mai cikin kuma Hausarta ba ta kai ta bayanin ciwo ba, saboda haka Goggo ta zauna tsakaninsu. Da aka gwada jininta aka ga ya hau ƙwarai, nan take aka ba ta gado da magani. Bayan 'yan kwanaki ta haifi 'ya mace, ƙarama amma lafiyayya. Ɗalibata ta dawo aji, yanzu tana aji shida.

Ku duba 'yan'uwa, asibitin nan yana nan tun da daɗewa, magani yana ciki, ma'aikata suna ciki, hanya kuma ba ta toshe ba. Abin da ya rage kawai shi ne mutum ɗaya wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

BA BAƘON ABU BA NE A ƘASARMU

Kada wata ta zaci wannan aiki Turawa ne suka kawo shi. Tun zamanin da, gidajen sarauta suna da jakadiya, wadda ke shiga inda namiji ba ya shiga, ta kai saƙo cikin gida ta fito da amsa. Dillaliya ma haka take, tana ɗaukar kayan matar da ke kulle ta kai kasuwa, ta dawo mata da kuɗi da labarin gari. Ungozoma kuwa babu ƙofar da ke rufe mata ko da tsakar dare.

Babban misali shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta lura cewa matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu su zo Sakkwato neman ilimi ba, sai ta zaɓi dattawan mata masu mutunci daga cikin ƙauyukan kansu ta naɗa su jaji. Kowace jaji akan ba ta malfa da jan ƙyalle, alamar cewa an yarda da ita. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan matan da ba su yi aure ba su zo wurin Nana, su koyi karatu, su koma su koyar da matan auren da ke gida. Su ne ake kira 'Yan Taru. Nana ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, domin kowace mace ta ji da harshen da take fahimta. Watau fiye da shekara 180 da suka wuce, wata mace a ƙasar nan ta riga ta gane cewa ba ya isa a buɗe ƙofa a zauna ana jira, sai an sami wadda za ta je ta riƙo hannun mutane.

DARASIN SHAN INNA

A zamaninmu kuma, babu abin da ya nuna amfanin masu shiga tsakani kamar labarin rigakafin shan inna. A shekarar 2003 aka dakatar da ɗiga wa yara maganin a Jihar Kano da waɗansu jihohin Arewa, saboda jita-jitar cewa an sa masa abin hana haihuwa. Tsoron mutane kuwa yana da tushe, domin a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano. Cikin yara kimanin 200 da aka sa a gwajin 11 sun rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

An koma ɗiga maganin a Kano a watan Yuli na 2004, amma kafin nan cutar ta riga ta bazu har zuwa waɗansu ƙasashe, kuma ko bayan da gwamnati ta janye dakatarwar gidaje da yawa ba su buɗe ƙofa ba. A 2012, cikin yara 223 da cutar ta kama a duk duniya, 122 a Nijeriya suke. Sanarwar rediyo ba ta isa ba, takardun da ake mannawa a bango ma ba su isa ba.

Abubuwa biyu ne suka taimaka ƙwarai wajen juya lamarin. Na farko, a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan harkar lafiya a ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, maganar ta riƙa saukowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Na biyu, daga 2012 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, tare da gwamnati, suka ɗauki dubban mata 'yan sa kai, kowace daga cikin unguwar da take zaune. Matan nan suna shiga gida-gida, sun san mai ciki, sun san wadda ta haihu, suna zuwa suna da biki, suna zama da uwar da ta ƙi su ji dalilinta. Sau da yawa dalilin ba jita-jita ba ne, a'a, tambaya ce mai ma'ana: me ya sa ake biyo mu har gida da maganin cutar da ba mu gani ba, alhali in ɗana yana zazzaɓi sai na saya? Matan suka kai wannan koke sama, har aka fara haɗa rigakafin da duba marasa lafiya da ba da magungunan ƙananan cututtuka a waɗansu wurare.

Aikin bai zo da sauƙi ba. A watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka harbe mata 9 masu aikin rigakafi a Kano. Duk da haka sauran ba su ajiye aikin ba. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a ƙasar nan an same shi ne a Jihar Barno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ana ci gaba da ɗiga maganin ne domin akwai wani nau'in ƙwayar da kan ɓulla inda yara ba su sami rigakafi sosai ba. Likitoci sun yi nasu, amma ƙofar ɗaki mace 'yar unguwa ce ta buɗe ta.

BAƘIN DA KE CIKINMU

Yanzu kowace ta dubi unguwarsu. Garuruwanmu ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Fulanin ruga, akwai Buzaye da suka zo daga Nijar, akwai Gwarawa da Nufawa, akwai Yarbawa da Ibo a Sabon Gari. Rikicin Arewa maso Gabas ya raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu zuwa shekarar 2015, da yawansu mata ne da yara masu jin Barbarci ko wani harshen, waɗanda suka watsu cikin garuruwa suna raɓe a gidajen haya da kangaye. Kowace daga cikinsu tana ɗaukar ciki, tana haihuwa, ɗanta yana zazzaɓi, 'yarta ta isa shiga makaranta.

Hukuma ta tanadi abubuwa da dama. Allurar rigakafin yara kyauta ce a asibitocin gwamnati. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro. Tun 1989 akwai hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya, wadda hedkwatarta ke Kaduna. Hukumar ƙidaya tana ba da takardar haihuwa. To amma matar da ta zo jiya, ba ta jin Hausa, ba ta san kowa ba, ta yaya za ta san duk wannan? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a duk Nijeriya haihuwa 39 cikin 100 ne aka yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin 16 ne kacal, kuma mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Talauci da nisa da ƙarancin ma'aikata suna daga cikin dalilai, amma tsoro da rashin wanda zai raka mutum su ma suna ciki, su ne kuma waɗanda ni da ke za mu iya magancewa ba tare da jiran kasafin kuɗi ba.

Mu kuma tuna cewa mu ma baƙi ne a wani wurin. Tun 1916 Hausawa ke zaune a unguwar Sabo ta Ibadan, ga zangunan Kumasi da Ankara a Gana. Bahaushiyar da aka kai aure can, ranar da ta fara zuwa asibiti aka yi mata magana da Yarbanci ko harshen Asante, ita ma sai ta nemi wadda za ta tsaya mata. Abin da muke so a yi wa 'yarmu a can, shi ya kamata mu yi wa 'yar wani a nan.

AIKIN YA WUCE TAFINTA

Wata za ta ce ai duk mai jin harshe biyu za ta iya. Ba haka ba ne. Jakadiya ba kalmomi kaɗai take juyawa ba. In nas ta ce a sha magani sau 3 a rana, ita sai ta ce bayan asuba, da bayan azahar, da bayan lisha, domin matar ba ta da agogo amma tana jin kiran salla. In an tambayi watannin ciki, ita ta san a lissafa daga watan azumi ko babbar salla. In an rubuta ranar dawowa a kati, sai ta ce kasuwa huɗu nan gaba. Ta san cewa mai cikin fari takan ɓoye cikinta don kunya har ya tsufa, saboda haka ta wurin uwa ko gwaggo za a bi. Ta san gidan da maganar uwar miji ce ke ci, da gidan da sai an bi ta wurin liman ko ardo ko mai unguwa.

Haka kuma aikinta fuska biyu gare shi. Kamar yadda take fahimtar da gida abin da asibiti ke nufi, haka take fahimtar da asibiti abin da gida ke nufi. Ita ce za ta ja nas gefe ta ce, "Sista, shirun nan ba raini ba ne, kunya ce." Ma'aikatan nan su ma mutane ne, wata nas ita kaɗai za ta duba mata masu yawan gaske kafin azahar, in ta sami mai sauƙaƙa mata aiki murna take yi. Bayan zuwan Goggo, malamin katin nan ya koyi cewa in mace ta yi shiru sai ya tambayi 'yar rakiyarta, ko ya ce ta faɗa wa wata a kunne.

INDA AKE SAMUN ƁARAKA

Gaskiya ɗaya ce, ba kowace mai rakiya ce jakadiyar kirki ba. Akwai mai mayar da abin sana'a, ta ce kati naira kaza ne alhali ta ninka, ko ta karkatar da mara lafiya zuwa wani kantin magani inda ake ba ta la'ada. Akwai mai sakin baki, wadda kafin a dawo gida duk unguwa ta ji ciwon da ke damun baiwar Allah. Irin wannan ta fi cutar illa, domin mace ɗaya da aka tona wa asiri za ta hana goma zuwa. Akwai kuma mai ƙari da ragi, likita ya faɗi abu ta ga ya yi nauyi ta sassauta shi, ko ta mai da kanta likita ta ce ai irin ciwon wance ne, sha kaza. Jakadiya ta gari takan faɗi abin da aka ce yadda aka ce shi, in ba ta gane ba ta sake tambaya, ta bar mai ciwo da mijinta su yanke shawararsu, sa'an nan abin da ta ji a ɗakin likita ta bar shi can.

Wani kuskuren kuma irin nawa ne, watau ɗora wa yaro nauyin da ya fi ƙarfinsa. Bai kamata a sa yarinya ƙarama ta yi tafinta tsakanin uwarta da likita a kan ciwon da ya shafi sirrin mace ba. Uwar za ta ɓoye rabi, 'yar ta ji kunyar faɗin sauran rabin, likita ya ba da magani a kan abin da ba shi ne ba.

ABIN DA KOWACE ZA TA IYA YI

Ku matan aure, ba sai kin fita yawo ba kafin ki yi wannan aiki. In baƙuwa ta tare kusa da ke, aika mata da abinci, ki san harshenta da halin da take ciki. In za ki awo ko allurar jariri, nemi izinin maigida ki ce za ki tafi da ita, maigidanki kuma ya yi wa nata mijin magana, domin namiji ya fi jin ta bakin namiji. Ki riƙe waɗannan a ka don ki faɗa wa wadda ba ta sani ba: Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 kafin ta haihu, a fara tun cikin yana ƙarami. Jariri kuma akan yi masa rigakafi da zarar an haife shi, sai a mako 6, da mako 10, da mako 14, sai a wata 9 a yi ta ƙyanda da shawara, a maimaita ta ƙyanda a wata 15. Alamun da ba a kwana da su a gida kuwa su ne zubar jini, da jijjiga, da kumburin fuska da hannuwa tare da ciwon kai mai tsanani, da zazzaɓi mai zafi, da naƙudar da ta wuce awa 12. Doguwar naƙuda ita ce babbar mai jawo yoyon fitsari, wanda kuma ana warkar da shi da aiki a wurare irin su asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Akwai matan da suka shekara suna ɓoye a ɗaki don kawai ba wanda ya faɗa musu haka.

Ku kuma 'yan makaranta, karatun da kuke yi ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Duba katin allurar ƙaninki da na ɗan maƙwabta, ki tuna wa iyaye ranar komawa. Karanta wa kakarki abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani. In akwai 'yar ajinku da ba ta jin Hausa sosai, zauna kusa da ita, ki koyi gaisuwa da harshensu, kada ki shiga cikin masu yi mata dariya. In kin ga yarinyar da ta isa makaranta ba a sa ta ba, faɗa wa malamarku. Abin da ya fi ƙarfinki kuwa, ki nemo babba.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da masu kula da asibitoci da makarantu, su nemo irin su Goggo a kowace unguwa da kowace ruga, a san da su, a koya musu alamun haɗari, a ba su ɗan abin hawa mota. Ranar da ta raka matar nan furarta ba ta sayu ba, kuma ba ta tambayi kowa ko kwabo ba. Da na yi mata godiya cewa ta yi, "Malama, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Ina fatan waɗanda ke da irin wannan mata a unguwarsu za su rubuto mana yadda take gudanar da aikinta, domin waɗansu su koya.